Sigar gwaji ta laburaren manhaja: abin da alfa, beta da rc suke nufi

A ranar 16 ga watan Yunin 2024 aka saki NumPy 2.0, laburaren lissafi da kusan duk mai aikin ƙididdiga da harshen kwamfuta na Python yake dogaro da shi. A kwanakin da suka biyo baya, manhajoji da dama da suka kwana lafiya sun wayi gari sun ƙi tashi, alhali masu su ba su taɓa ko harafi ɗaya a cikinsu ba. Sai dai abin bai zo bagatatan ba. Tun watan Maris na shekarar masu kula da NumPy suka fara fitar da sigogin gwaji, suna roƙon duk mai amfani da shi ya jarraba kafin ranar. Akasarin waɗanda suka amsa kiran sun tsallake, wahalar ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ko suka yi biris.

Laburare a nan ba ɗakin karatu ba ne. Rubutun manhaja ne da wani ya riga ya yi domin wani aiki takamaimai, kamar lissafi, karanta hoto ko tura saƙo, ya ajiye don wasu su ɗauka su ɗora nasu aikin a kai. Masu Faransanci suna ce masa bibliothèque logicielle. Idan kowa yana da izinin karanta rubutun, ya gyara, ya sake rabawa, shi ne ake kira buɗaɗɗen tushe. Magini ba sai ya buga bulo da kansa ba, saye yake yi, amma yana sa ran bulon gobe zai zo da girman na yau. Haka mai rubuta manhajar asibiti ko ta tura kuɗi ta waya yake tattaro laburare goma ko ɗari, kowanne kuma yana tsaye a kan wasu. Wannan sa ran, cewa sabon da aka fitar zai zauna daidai a gurbin tsohon, shi ake nufi da dacewa.

Lambar siga alkawari ce

Tsarin da ya fi yaɗuwa wajen sa wa laburare lamba shi ne SemVer, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta. Sigarsa ta 2.0.0 ta fito a 2013. Lambar kashi uku ce, misali 1.4.2. Ta ƙarshe tana ƙaruwa idan an gyara kuskure kawai. Ta tsakiya tana ƙaruwa idan an ƙara sabon abu ba tare da ɓata tsohon ba. Ta farko kuwa ba a taɓa ta sai an yi canjin da zai iya karya aikin masu amfani da laburaren. Saboda haka wanda ya gina a kan 1.4.2 zai karɓi 1.5.0 hankali kwance, amma idan ya ga 2.0.0 sai ya tsaya ya karanta.

Akwai sharuɗɗa biyu da ake yawan mantawa. Duk lambar da ta fara da sifili, irin 0.9.3, ba ta ɗauke da alkawarin komai, mai ita na iya juya komai a kowane lokaci. Na biyu, sigar da aka riga aka saki ba a komawa a canja abin da ke cikinta. In an ga kuskure, sai a fitar da wata da sabuwar lamba.

Sigar gwaji kuwa ana gane ta da ɗan ƙarin da ke bin lambar: 2.0.0-alpha.1, 2.0.0-beta.2, 2.0.0-rc.1. A ƙa'idar SemVer duk waɗannan suna ƙasa da 2.0.0 tsantsa, kuma alfa tana gaban beta, beta tana gaban rc. Alfa aiki ne da ake kan yi, ana iya ƙarawa ko cirewa. A beta galibi an rufe ƙofar sababbin abubuwa, saura farautar kurakurai. Ita kuwa rc, wadda ake kira version candidate da Faransanci, ita ce wadda masu laburaren suke ganin ta nuna: idan ba a sami babbar matsala ba, ita za a saki yadda take, a cire mata ƙarin sunan kawai.

Python shi kansa yana bin wannan hanya da jadawali sananne. Tun daga siga ta 3.9 a shekarar 2020, duk watan Oktoba ake fitar da sabuwa. Alfa na zuwa tun daga ƙarshen shekarar da ta gabata, beta ta farko tana fitowa a watan Mayu, sannan rc ta biyo baya a tsakiyar damina. Masu laburare suna da watanni kusan biyar tsakanin beta da ranar saki don su daidaita nasu. Ba kowa ne ke bin SemVer ba, ya kamata a sani: Python yana iya cire tsohon abu tsakanin 3.11 da 3.12, kamar yadda ya cire distutils a 2023. Abin da ya ɗaukar wa kansa shi ne gargaɗi tun da wuri, aƙalla tsawon sigogi biyu kafin cirewa.

Yadda ake tsare wanda bai nema ba

Sigar gwaji tana zama a ma'ajiya ɗaya da sigar da aka amince da ita, PyPI ga masu Python, npm ga masu JavaScript. Don haka dole a sami shingen da zai hana ta faɗawa kan kwamfutar wanda yake son abu mai aiki kawai. Manhajar pip, wadda ake sauke laburaren Python da ita, tana tsallake sigogin gwaji sai idan mutum ya ƙara --pre a umarninsa, ko ya ambaci lambar gwajin da kansa. Rubutun lambar ma ya ɗan bambanta a can, 2.0.0rc1 ake sawa, babu karan tsakiya.

A npm shingen na daban ne, kuma a nan mutane da yawa suka yi tuntuɓe. Kowane laburare yana da alamar da ake kira latest, wadda ke nuna sigar da za a ba duk wanda bai zaɓi wata ba. Shekaru da dama, wanda ya tura beta ya manta bai ba ta wata alama ba, kamar next, sai ta zama ita ce latest, duniya ta shiga sauke ta. Daga npm 11 aka toshe wannan ramin, manhajar ta daina karɓar sigar gwaji in ba a faɗi alamarta ba. Idan kuma an riga an saki siga mai lahani a PyPI, akwai hanyar janye ta ba tare da gogewa ba: pip zai daina zaɓar ta, amma wanda ya kulle aikinsa a kan ainihin lambar zai ci gaba da samu.

Abin da ya faru da NumPy

NumPy 1.0 ya fito a 2006, ƙarƙashin jagorancin Travis Oliphant. Shekara goma sha takwas lambar farko ba ta motsa ba, kuma a tsawon wannan lokaci an tara tarkace: sunaye biyu ko uku na abu ɗaya, da ɗabi'un lissafi da masu laburaren kansu suka daɗe suna son gyarawa. Siga ta 2.0 ita ce sharar, kuma ta karya abubuwa ta fuska uku waɗanda haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi sauƙi shi ne cire sunaye. Wanda ya rubuta np.NaN dole ya koma np.nan, mai np.float_ ya koma np.float64. Irin wannan karyewa tana da hayaniya, manhaja tana tsayawa ta faɗi inda matsalar take, har ma an tanadi ƙa'ida mai lamba NPY201 a manhajar Ruff da ke bin rubutu tana gyara da yawa daga ciki.

Na biyu ya shafi laburaren da wani ɓangarensu aka rubuta da harshen C aka harhaɗa shi ya manne da NumPy, irin su pandas da SciPy. Duk wanda aka harhaɗa a kan NumPy 1 ba ya aiki a kan 2.0, ko da rubutunsa babu aibi, sai an sake harhaɗawa. A nan ne amfanin rc ya fito fili. Masu NumPy sun yi alkawarin cewa daga rc ta farko, a ƙarshen watan Maris, wannan mahaɗar ba za ta sake canjawa ba, kuma sun tsara ta yadda abin da aka harhaɗa a kan 2.0 zai yi aiki har a kan sigogin 1 na baya-bayan nan. Shi ya sa SciPy 1.13 da pandas 2.2.2 suka fito tun watan Afrilu a shirye, wata biyu kafin ranar. An kuma roƙi sauran da ba su shirya ba su rubuta a sharuɗɗansu cewa NumPy ɗin da ke ƙasa da 2.0 kaɗai suke karɓa. Tsofaffin sigogin da ba su da wannan iyaka, da laburaren da masu su suka daina kulawa, su ne suka fi jawo ihun watan Yuni. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma gorar da ba ta da mai ita babu mai fafe ta ko da an ba da shekara.

Na uku shi ne mafi haɗari, domin shiru yake zuwa. An canja yadda NumPy ke haɗa nau'o'in lamba daban-daban. Akwai nau'in da ake kira uint8, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255. A da, idan aka haɗa 100 na wannan nau'i da 200, NumPy yana faɗaɗa mazubin ya ba da 300. A 2.0 mazubin yana nan yadda yake, lissafin ya zagayo ya ba da 44, tare da ɗan gargaɗin da ba kowa ke lura da shi ba. Manhaja ba ta tsaya ba, amsar ce kawai ta canja. Babu abin da ke kama irin wannan sai gwajin da mai manhaja ya rubuta da kansa, wanda ya san amsar da ta kamata ta fito.

Karyewar da lamba ba ta nunawa

Akwai wata magana da ake jingina wa Hyrum Wright, injiniyan da ya yi aiki a Google: idan masu amfani da abu suka yi yawa, duk wata ɗabi'arsa da ake iya gani, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba, sai an sami wanda ya dogara da ita. Misalin da ya fi kusa da masu aiki da Faransanci ya fito ne daga CLDR, rumbun bayanai na ƙungiyar Unicode da ke gaya wa wayoyi da kwamfutoci yadda ake rubuta kwanan wata, kuɗi da lambobi a kowane harshe.

A Faransanci ana raba dubbai da ɗan fili, kamar 1 500 000 F CFA. A CLDR 34, na watan Oktoban 2018, an musanya wannan fili da wani da ya fi shi ƙanƙanta, daga harafin U+00A0 zuwa U+202F. Ta fuskar ƙa'idar buga rubutu gyara ne mai kyau, kuma ido da ƙyar yake ganin bambancin. Amma manhajar da aka koya wa cire tsohon filin kafin ta mayar da rubutun lamba sai ta kasa karanta kuɗin, wasu nau'o'in haruffa kuma da ba su da sabon filin suka riƙa nuna wata baƙuwar alama a tsakiyar adadi. A 2022 CLDR 42 ya yi irin wannan canji a rubutun lokaci na Ingilishi, shafuka suka karye har masu Chrome suka mayar da fili na yau da kullum. A idon masu CLDR babu alkawarin da aka saɓa, domin sun sha faɗin cewa rubutun don idon mutum ne, kada a gina lissafi a kansa. Suna da gaskiya, amma gaskiyar tasu ba ta tayar da rasit ɗin da ya ƙi fita.

Shi ma CLDR yana fitar da alfa da beta kafin kowace siga, kuma a cikinsa akwai bayanan Hausa, har da rabe-raben Najeriya, Nijar da Ghana. Sunayen watanni da ranaku da wayar mutum ke nunawa idan ya sa ta a Hausa, sau da yawa daga can suke. Masu gwada Ingilishi suna da yawa ƙwarai, kuskure ba ya daɗewa. Matsalar da ta shafi ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ da ake rubutawa a Nijar, wajen jera sunaye ko neman kalma, tana iya wuce alfa da beta da rc duka in babu Bahaushen da ya duba.

Ga mai rubuta manhaja a Garwa, Njamena ko Kumasi, abin yi bai kai yadda ake tsoro ba. Manhajar da mutane ke amfani da ita a kulle ta a kan ainihin lambobin da aka gwada, kada sigar gwaji ta kusance ta. A gefe guda a buɗe wani keɓaɓɓen muhalli, a sauke beta ko rc, a gudanar da gwaje-gwajen da aka saba. Wanda kuɗin intanet ya yi masa tsada ba sai ya bi kowace alfa ba, rc ta farko ta manyan laburaren da ya dogara da su ta wadatar. In wani abu ya karye, rahoton da masu laburare suka fi iya aiki da shi gajere ne: lambar siga, irin kwamfutar, layuka kaɗan da ke nuna matsalar, amsar da aka sa rai da wadda aka samu. Da yawa daga masu karanta rahoton 'yan sa-kai ne da ke yin aikin bayan sun tashi daga nasu, kuma kafin a saki siga suna iya janye canji cikin kwana ɗaya. Bayan an sake ta, janyewar ita ma canji ce da za ta karya aikin waɗanda suka riga suka koma sabon.