Gano Laifin Lantarki a Da'irar Na'urar Auna Matsin Baƙin Mai: Nazarin Alamu da Tsarin Gwaji

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci laifuffukan lantarki da kan auka wa da'irar na'urar da ke auna matsin baƙin mai a injin mota, tare da fayyace alamun da kowane laifi ke nunawa. An bi hanyar tantance tsarin da'ira ne, inda aka kwatanta nau'o'in na'ura uku da yadda kowannensu ke amsawa idan waya ta yanke, ko ta taɓa jikin inji, ko mahaɗarta ta yi tsatsa. Nazarin ya nuna cewa laifi guda kan haifar da alamu masu saɓa wa juna gwargwadon nau'in da'irar, kuma mafi hatsarinsu shi ne wanda ke kashe fitilar gargaɗi ba tare da direba ya sani ba. An gabatar da jerin gwaji da ke farawa da auna matsin man kansa kafin a taɓa waya ko a sauya na'ura.

Muhimman kalmomi: matsin baƙin mai, da'irar lantarki, turjiya, ƙwaƙwalwar mota, lambobin laifi

1.0 Gabatarwa

Baƙin mai ba ya isa ga sassan inji da kansa, famfo ne ke zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji ya tura shi ta cikin matata da ƙananan hanyoyi zuwa beyarin ɗin kiranshaf da na kamshaf, inda yake zama siririn shamaki tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Matsin da ake aunawa yana samuwa ne daga cijewar da man ke fuskanta wajen ratsa waɗannan matsatsun wurare, shi ya sa yake sauka idan beyarin ya ci, ko man ya yi zafi ya tsinke. Idan matsin ya ɓace inji na aiki, ɗan lokaci kaɗan ya isa a kai ga abin da kanikawa ke cewa inji ya buga.

Direba ba ya ganin wannan matsi da idonsa, abin da yake gani kawai shi ne fitila, ko allura, ko rubutu a fuskar dashbod, kuma dukkansu rahoto ne kan halin da wata da'irar lantarki ke ciki. Da'ira a nan na nufin zagayen da lantarki ke yi daga batir, ta waya da na'ura, har ya komo ta jikin mota. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce yadda za a rarrabe rahoton gaskiya da rahoton da laifin waya ya gurɓata. Batun ya shafi garejojin Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar kai tsaye, domin motocin da ake gyarawa a can sun fito ne daga Japan da Turai da Amurka, kuma na zamunna daban-daban ne, tun daga Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975 har zuwa motocin da kwamfuta ke sarrafawa.

2.0 Nau'o'in Na'ura da Yadda Suke Aiki

Nau'i na farko makunni ne mai waya ɗaya, wanda a cikinsa akwai tantani da sifirin, kuma a rufe yake matuƙar babu matsi, ta yadda lantarki zai taso daga makulli, ya bi ta fitila, ya sauka jikin inji ta zaren dunƙulen na'urar. Da zarar matsi ya haura wani ɗan ƙaramin mataki, galibi tsakanin bar 0.2 da 0.5, sai tantanin ya ture mahaɗar, fitila ta mutu. Bar ma'aunin matsi ne da ya yi kusan daidai da nauyin iskar sarari a bakin teku.

Nau'i na biyu yana sauya turjiya, wato cijewar da abu ke yi wa kwararar lantarki, wadda ake aunawa da om, kuma da shi ake juya allurar dashbod. A tsarin kamfanin VDO da ya yaɗu a Turai, turjiyar na tashi daga om 10 idan babu matsi zuwa kimanin om 180 a ƙarshen ma'auni, a tsofaffin motocin General Motors kuwa daga 0 zuwa 90 take tashi, yayin da a wani sanannen tsarin Amurka sauka take yi daga om 240 zuwa 33.

Nau'i na uku yana da waya uku, kuma da ƙwaƙwalwar mota yake magana, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Waya ɗaya na kawo tsayayyen ƙarfin lantarki na bolt 5, ta biyu ita ce wayar ƙasa da ke mayar da lantarkin, ta uku kuma tana ɗaukar saƙo, wanda a yawancin na'urori ke kaiwa da komowa tsakanin bolt 0.5 da 4.5. An bar rata a sama da ƙasa da gangan ne, domin duk saƙon da ya kusanci 0 ko 5 ƙwaƙwalwa ta gane cewa daga laifin da'ira ya fito.

3.0 Laifuffuka da Alamunsu

A makunni mai waya ɗaya, idan robar waya ta goge ta taɓa jikin inji, fitila za ta zauna a kunne ko da matsi lafiya lau yake, kuma wannan laifi, duk da tayar da hankalin da yake yi, yana bayyana kansa. Idan kuwa wayar ta yanke, ko soket ya cire, ko ƙwan fitilar ya mutu, to fitilar ba za ta sake kamawa ba, kuma halin da take ciki bai bambanta da na lafiyayyen inji ba. Haka nan idan aka naɗe zaren na'urar da farin tef ɗin masu aikin famfo har ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe, hanyar komawar lantarki kan toshe. Abin da kawai ke tona asirin wannan laifi shi ne rashin kamawar fitila a lokacin da aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, wanda direbobi da dama ba sa kulawa da shi. Daga nan ake fahimtar girman ɓarnar da ke cikin cire wayar na'ura don fitila ta daina damun mai mota.

Kamfanin Volkswagen ya rage wannan gibi a tsofaffin samfuran Golf da Passat ta hanyar ƙara makunni na biyu da ke zama a buɗe, wanda sai matsi ya kai wani babban mataki, bar 1.8 a injuna da dama, sannan yake rufewa. Idan juyin inji ya haura kimanin 2,000 a minti ba tare da makunnin ya rufe ba, fitila na ƙiftawa, ƙararrawa kuma ta yi kuka, saboda haka yankewar waya a wannan layi ƙara take jawowa maimakon shiru.

A nau'i na biyu alamar ta dogara ne da alkiblar turjiya. Yankewar waya daidai take da turjiya marar iyaka, don haka a tsarin 10 zuwa 180 allura kan cilla ƙarshen sama, a tsarin 240 zuwa 33 kuwa ƙasa take faɗuwa. Tsatsa a mahaɗa na ƙara turjiya kaɗan-kaɗan, wanda a tsarin farko ke sa allura ta nuna matsin da ya fi na haƙiƙa, ta ɓoye raunin injin da ya fara gajiya.

A nau'i na uku, ƙwaƙwalwa na adana lambar laifi bisa tsarin OBD-II, wanda ya zama dole ga motocin Amurka tun 1996, takwaransa na Turai kuma ya fara aiki a kan sababbin motocin fetur a 2001. Lambar P0520 na nuna laifi a da'irar gaba ɗaya, P0521 saƙon da bai dace da yanayin aikin inji ba, P0522 saƙon da ya yi ƙasa ƙwarai, P0523 wanda ya yi sama ƙwarai, P0524 kuma ƙarancin matsin mai. Yankewar wayar bolt 5 kan jawo P0522, yankewar wayar ƙasa kan tura saƙo sama ya jawo P0523, yankewar wayar saƙo kuwa na iya jawo kowace daga cikin biyun, gwargwadon yadda aka tsara cikin ƙwaƙwalwar. Kasancewar na'urori da dama kan sha daga layin bolt 5 guda, lalacewar ɗaya na iya janye layin ƙasa, lambobi su fito barkatai a kan na'urorin da ba su da laifi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan lambobi da ke tabbatar da cewa na'urar ce ta mutu.

4.0 Tsarin Gwaji

Mataki na farko shi ne duba yawan mai da sandar awo, sannan a kwance na'urar a ɗaura agogon auna matsi wanda ba ya amfani da lantarki, a karanta shi bayan inji ya ɗauki cikakken zafi, a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, da kuma a babban juyi. Ana kwatanta sakamakon da ƙa'idar kamfani, alal misali injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla ana bukatar kada ya gaza kimanin bar 0.3 a silo, kuma ya kasance tsakanin kimanin bar 3 da 5.4 a juyi 3,000. Gwaji a kan inji mai sanyi na yaudara, domin man yana da kauri a lokacin, kuma fitilar da ke ƙyaftawa a silo bayan doguwar tafiya a zafin bazara sau da yawa gaskiya take faɗa. Wajen ɗaura agogon ana lura da nau'in zare, saboda na yawancin motocin Japan yana da tsini 28 a inci ɗaya, na Amurka 27, kuma tilasta ɗaya cikin ramin ɗaya kan lalata zare ko ya tsaga gurbin.

Idan matsi ya tabbata lafiya, sai a koma ga soket, a nemi tsatsa, ko sakin baki, ko mai a cikinsa. Mai a cikin soket shaida ce cewa tantanin na'ura ya fashe, kuma man kan bi tsakanin silillan waya ya yi nisa, don haka sauya na'ura ba tare da wanke soket ba gyara ne na rabi. A wasu injunan General Motors masu lita 5.3 akwai ƙaramar rariya a ƙarƙashin na'urar, wadda toshewarta ke jawo P0521 alhali wayoyi ba su da aibi.

A makunni mai waya ɗaya gwajin gajere ne: makulli na kunne, a cire wayar, fitila ta mutu, a taɓa ta a jikin inji, fitila ta kama. Idan duka biyun suka faru, waya da fitila sun kuɓuta, zargi ya koma kan makunnin. A nau'i na uku ana auna bolt 5 a soket da mita, sannan a auna faɗuwar ƙarfin lantarki tsakanin wayar ƙasa da kan batir na negatif soket na haɗe, wadda bai kamata ta wuce kimanin bolt 0.1 ba. Wannan gwaji ya fi auna turjiya inganci, domin wayar da silinta ɗaya ya rage na iya nuna turjiya kaɗan, amma ta kasa idan aiki ya hau kanta. Daga nan sai a kwatanta saƙon da agogo. Ga na'urar da ke auna bar 0 zuwa 10, kowane bar yana ƙara bolt 0.4 a kan 0.5, saboda haka bar 2 a agogo ya kamata ya ba da bolt 1.3. Idan saƙon ya yi daidai a soket amma na'urar binciken kwamfuta na nuna wani adadi daban, laifin na tsakanin soket da ƙwaƙwalwa. Laifin da ke zuwa yana tafiya ana kama shi ne ta girgiza damin waya ana kallon mita. Fitilar gwaji mai ƙwai ba ta dace da waɗannan layuka ba, domin lantarkin da take ja ya fi abin da aka tsara musu.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya tabbatar da cewa alama ba ta da fassara har sai an san nau'in da'irar da ta fito daga cikinta, kuma sauya na'ura bisa lambar laifi kawai caca ce da kuɗin mai mota, wani lokaci ma da injinsa. Ana ba da shawarar kowane gareji ya mallaki agogon auna matsi da mahaɗan zare daban-daban tare da mita, bakanike da mai wayarin su duba motar tare tun da laifin na iya kasancewa a ɓangaren kowannensu, sannan makarantun koyon tuƙi su koya wa ɗalibai tabbatar da cewa fitilar mai ta kama a duk lokacin da aka murɗa makulli, kafin a tayar da inji.