Amsar Wasiƙunku: Sunayen Baƙon Abu a Bakin Bature

Tambayarmu ta wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu da ke sayar da riɗi da wake a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce masu saye daga Kudu da ƙasashen waje sukan dubi kaya su ce strange, ko odd, ko funny, ko rare, tafinta kuwa kullum sai ya ce masa ai duk "baƙon abu" suke nufi. Shi ne yake so ya san ko da gaske ma'anarsu ɗaya, kuma ina Turawa suka samo wannan tarin kalmomi.

To Malam, tafintanka ya yi ƙoƙari, amma ya haɗa maka gero da dawa a buhu ɗaya. Mu ma a Hausa muna da baƙon abu, da abin mamaki, da abin al'ajabi, da bambaraƙwai, kuma kowa ya san ba a sa wannan a gurbin wancan. Al'ajabi daga Larabci muka aro shi. Turanci ma haka ya yi ta aro, domin Ingila ƙasa ce da baƙi suka sha shiga da yaƙi, kowa ya zo ya bar nasa harshen.

Mu fara da weird, wadda take cikin tsofaffin. A tsohon Turanci ana ce mata wyrd, ma'anarta ƙaddara. Wajen shekarar 1606 Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayonsa Macbeth, ya sa wasu bokaye mata uku masu faɗin abin da zai faru, ya kira su da wannan kalma. Masu kallo suka riƙe kamannin matan, suka manta da batun ƙaddara. Zuwa ƙarni na 19 weird ta koma abu mai sa tsigar jiki ta tashi, kamar na aljanu. Yau samari sun rage mata nauyi, ko abinci ya canza ɗanɗano sai su ce weird.

Sai odd. Wannan ta zo da mayaƙan ruwa na arewacin Turai, mutanen Danmak da Norwe, waɗanda suka fara kai hari Ingila a 793, daga baya suka zauna a arewa da gabashin ƙasar. A harshensu oddi tana nufin tsini, da kuma abu mai kusurwa uku. Daga nan aka sami ma'anar na ukun da ya ragu bayan biyu sun yi wari. Wato dai abin da muke kira mara a wasan cika da mara. Takalmi ƙafa ɗaya odd ne, haka mutumin da halinsa bai zo daidai da na kowa ba. Ɗan kasuwa ya lura da nan: in aka ce maka twenty-odd, buhu ashirin da 'yan kai ake nufi, ba a ce kayanka na da aibi ba.

A 1066 William, sarkin Nomandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Faransanci ya zama harshen fada da kotu kusan shekara 300, har sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci. A wannan zamani strange ta shigo. Asalinta kalmar Latin ce, extraneus, wato na waje, wanda ba ɗan gida ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san ƙanwarta a Faransanci, étranger. Ka ga tunanin Bahaushe da na Bature sun haɗu a nan: abin da ba a saba gani ba, baƙo ne.

Amma akwai rami a wurin. Mu baƙo ɗaya gare mu, ko wanda ya sauka gidanka aka shimfiɗa masa tabarma, ko wanda ba a san daga inda ya fito ba. Shi ya sa a Nijeriya za ka ji mutum ya gabatar da baƙonsa da cewa my stranger. A kunnen Bature stranger shi ne wanda ba ka sani ba sam, irin wanda ake gargaɗin yara kada su bi. Baƙon da ka karrama guest ne ko visitor.

Manoma da makiyaya za su so tarihin peculiar. Romawa suna kiran dabbobin kiwo pecu, kuma da yake dabba ita ce dukiya a lokacin, daga nan suka sami sunan kuɗi, pecunia. Ɗan abin da uba ya ware wa ɗansa, ko ubangida ya bar wa bawansa ya juya da kansa, shi ne peculium. Kamar gayauna ke nan a gefen gandu. Saboda haka peculiar da farko tana nufin abin da ya keɓanta da mutum shi kaɗai. Da yake halin da babu mai shi sai kai yakan zama abin kallo, sai ta koma nufin abu mai ɗaure kai.

Bizarre ta biyo ta Faransa daga Italiya a ƙarni na 17, kuma ita ce ta fi kusa da bambaraƙwai, namiji da suna Hajara. Queer kuwa tun ƙarni na 16 tana nufin abin da ya karkace daga yadda aka saba, amma a ƙarni na 20 ta koma sunan masu neman jinsi ɗaya. Kada ka jefi kowa da ita wai don ka gan ta a tsohon littafin makaranta.

Yanzu ga inda kuɗinka yake, Malam. Funny fuska biyu gare ta: abin dariya, da abin da ake zargi. In mai saye ya sunsuni riɗinka ya ce yana wari funny, ba raha yake yi ba. Yana zargin danshi ya taɓa shi ko an zuba magani, kuma ragi zai nema. Haka in ya ce strange ko odd game da launi. Amma rare yabo ce. Ta fito daga Latin rarus, abin da ya fito tsilli-tsilli kamar shukar da ba ta yi kauri ba, wato abin da ba a samu ko'ina. Wanda ya ce irin wakenka rare ne ya faɗa maka da bakinsa cewa yana da wuyar samu, sai ka riƙe farashinka. Unusual tana tsaka-tsaki, ba yabo ba suka, abin da ba kasafai ake gani ba kawai. In kai ne za ka yi magana kuma kana gudun ɓata wa wani rai, ita ce mafi aminci.

Turawan su kansu abin yakan rikita su. Shi ya sa wani likita, Peter Mark Roget, ya wallafa littafi a 1852 wanda ya jera kalmomi masu kusancin ma'ana rukuni-rukuni, ana kuma buga shi har yau. To amma littafi jerawa kawai yake yi, bai san kasuwar da kake ciki ba. In mai saye ya yi irin wannan magana, ka sa tafinta ya maimaita maka ainihin kalmar, kuma ka dubi fuskar mai faɗin.

Da fatan mun gamsar da kai. Allah ya ba da kasuwa, ya sa damina ta yi albarka. Sai mun ji daga gare ku.