Asali da kwafi a tarihin hotunan katako na ƙasar Japon

A bangon gidaje da ma'aikatu da dama na duniya ana ganin hoton wata igiyar ruwa da ta miƙe za ta rufe jirage uku na masunta, dutsen Fuji kuma yana can nesa, ƙanƙane. Wasu daga cikin waɗannan hotuna da hannu ake zana su, da burushi da fenti, a sayar a matsayin kwafin aikin Katsushika Hokusai (1760-1849). Mai saye kan ɗauka cewa akwai wani zane guda da Hokusai ya fenta da hannunsa, wanda ake kwaikwayo. Irin wannan zanen bai taɓa wanzuwa ba.

Sana'ar da Japanawa ke kira ukiyo-e ta bunƙasa a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, a zamanin da ya fara daga 1603 ya ƙare a 1868. Aikin gayya ne na mutum huɗu. Mai jari shi ke zaɓen abin da za a zana, ya biya kowa. Mai zane ya zana da baƙin tawada bisa siririyar takarda. Masassaƙi ya manna takardar a kife kan allon itacen ceri, ya sassaƙe duk inda babu layi. Nan zanen hannu yake lalacewa, bai komawa wurin mai shi. Daga ƙarshe mai bugu ya shafa launi kan allo, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai mai suna baren. Kowane launi da allonsa, kuma akan yanka alama a gefen kowane allo don takarda ta sauka wuri guda. Tun daga 1765, da hotunan Suzuki Harunobu, bugu mai launuka da yawa ya zama ruwan dare.

Wajen 1831 aka fitar da Babbar Igiya cikin jerin hotuna 36 na dutsen Fuji. Shuɗinta ya haɗa shunin baba da wani sabon launi da aka ƙirƙiro a Barlin, wanda fatake suka kai Japon. An buga ta dubbai, har allunan suka cinye, layukan suka fara tsinkewa. Kayan talaka ce a lokacin: kuɗin irin wannan takarda bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliya ba. Ɗari da ƴan kai ne aka san sun rage, kuma a 2023 an sayar da ɗaya a New York fiye da dala miliyan 2 da dubu 700.

Kwaikwayo da burushi ya yi suna ne a Turai. Bayan Japon ta buɗe tasoshin jiragenta a shekarun 1850, kuma ta halarci baje kolin Paris na 1867, hotunan suka kwarara Faransa. Claude Monet ya tara fiye da 200, ya rataye su a gidansa na Giverny, har ɗakin cin abinci. A 1887 Vincent van Gogh ya ɗauki hotuna biyu na Utagawa Hiroshige (1797-1858), gonar furanni ta Kameido da gadar da ruwan sama ya rutsa da mutane a kanta, ya sake su da fentin mai. Ya ƙara ƙarfin launi, ya kewaye su da haruffan Japananci da bai iya karantawa ba. Suna Amsterdam, a gidan da ke adana ayyukansa, kuma ana lissafa su cikin ayyukan Van Gogh, domin burushi ya mai da su wani abu dabam.

Wannan shi ne abin lura ga duk mai son ƙawata bango. Fenti mai kauri bai iya ba da abin da allo ke bayarwa: layi mai kaifin wuƙa, launin da ya nutse cikin takarda, sararin sama da mai bugu ya sa launinsa ya dusashe sannu-sannu, wani lokaci har da zanen jikin itacen. Kwafin burushi yana riƙe da siffar da Hokusai ya tsara, amma ya shafe hannun masassaƙi da na mai bugu, waɗanda tun asali ba a cika rubuta sunayensu ba.

Sana'ar tasu ba ta mutu ba. A Tokyo gidan bugu na Adachi, wanda aka kafa a 1928, yana sake sassaƙa allunan yana bugawa da hannu bisa tsohuwar hanya. A watan Yuli na 2024 kuma Japon ta sa Babbar Igiya a bayan sabuwar takardar kuɗi ta yen 1,000, hoton ya sake shiga hannun ƴan kasuwa da ƴan ƙwadago, irin mutanen da aka fara buga shi dominsu.