Daga hanyar Gwanja zuwa Gidauniyar Ɗangote

Kafin a san banki ko kamfani a ƙasar Hausa, babbar dukiya ta bafatake ce, babban fatauci kuwa shi ne na Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina bayan kaka, da jakai dubbai ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, madugu na ja, a keta Jega da Borgu ko Gurma, a biyo ta Sansanin Mango a faɗo Yendi, sannan a sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har shekara. Abin da ake nema goro ne. Ba ya fitowa a Salaga. Daga kurmin Asante, mutanen da fatake ke kira Tonawa, ake kawo shi, domin sarakunan Kumasi ba su yarda baƙon ɗan kasuwa ya shiga kurmi ba. Sai Salaga ta zama mahaɗa.

Wanda ya riƙe wannan kasuwa shi ne maigida, wato fatoma. Bafatake ya iso a gajiye, bai san kowa ba, sai ya sauka gidan wani Bahaushe ko Bawangare da ya daɗe a gari. Maigida zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Baƙo ya kwanta ciwo, jinya tana wuyan maigida. Ya mutu, shi zai yi masa sutura ya tsare gadonsa har masu shi su zo. Ba a biyan kuɗin ɗaki, la'ada ce ke fanshewa. A gidan nan ne kuma malami ke samun zaure, almajiri ya samu ƙwarya, yaron gida da ya nuna amana a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Salaga gari ne mai ƙarancin ruwa, har yau ana nuna ɗimbin rijiyoyin da aka haƙa domin ayari, kuma a wuri irin wannan ruwan sha kansa kaya ne na sayarwa ko na sadaka.

Kada a ƙawata labarin fiye da kima. Kasuwar da ake auna goro a cikinta, ita ce ake tsayar da bayi, yawanci mutanen da aka kamo daga arewacin Ghana ta yau. Wani ɓangare na tuwon da aka ciyar da baƙi bayi ne suka noma shi. Kyautar maigida kuma tana da ido a kan riba: baƙon da ka kyautata wa bana, shi zai kawo maka goma baɗi. Duk da haka tsari ne da ya yi aiki fiye da shekara ɗari, kuma rauninsa ɗaya ne babba. Komai yana rataye a wuyan mutum guda. Ran da maigida ya faɗi, aka raba gado, gidan ya watse, masu ci a ƙarƙashinsa su nemi wata inuwa.

Salaga ma haka ta faɗi. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanjawa suka yi wa Asante tawaye, Asante ta karkatar da goro zuwa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa kan sarautar Kpembe, masarautar da ke riƙe da garin, ya tarwatsa Salaga. Hausawa suka bazu Kete-Krachi, Yeji, Kumasi da Ankara (Accra). Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar garin, ya kuma rubuta labarin wannan watsewa. Yendi ta faɗa hannun Jamus bayan yaƙin Adibo na 1896, iyakar Turawa ta raba ƙasarta, Dagbon, biyu. Bawku, can kusa da iyakar Togo da Burkina Faso, ita ce ta ci moriyar sabon zamani: kasuwarta mai ci duk bayan kwana uku ta zama mashigar shanu daga arewa da mafitar goro daga kudu, zangonta ya cika, Hausa ta zama harshen ciniki.

A daidai wannan gaɓar ne wani yaro ɗan Agalawa daga Bebeji ya bi ayari zuwa Gwanja. An haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, ya rasu yaron yana ƙarami. Mahaifiyarsa Amarya ta koma Ankara da zama tana kasuwanci, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi. Ya yi almajirci, ya ɗanɗana yunwa, basasar Kano ta 1893 zuwa 1894 ma ta rutsa da shi. Abin da ya bambanta shi da iyayensa shi ne ya gane cewa kwanan jaki ya ƙare. Ya shiga sahun farko na masu ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar teku zuwa Ikko, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912 ya juya ga gyaɗa, a 1918 ya zama wakilin saye na kamfanin Neja, a 1929 da aka buɗe bankin Turawa a Kano ya kai ajiya lodin raƙumi ashirin na sulalla. Lokacin rasuwarsa a Agustan 1955 ana lissafa shi mafi arzikin 'yan kasuwar Afirka ta Yamma.

Sai dai yadda yake bayarwa bai canja daga na Salaga ba. Tsarin maigida ne aka faɗaɗa: yara da wakilai da ake ba jari su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, malamai da ake ɗauke wa nauyi, zakka, ciyarwa, taimakon maniyyata. 'Ya'yansa suka ɗora a kai. Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya shahara da hidimar malamai da ɗaga 'yan kasuwa masu tasowa. Alhaji Aminu, wanda ya rasu a Yunin 2025 aka binne shi a Madina, ya kai kyautar ga gine-gine masu suna, kamar cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. 'Yar Sanusi, Hajiya Mariya, Kanawa sun san ta da dafa abinci a raba wa mabukata kullum. Ɗanta ne Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ya kuma fara kasuwanci a 1977 da rancen da kawunsa ya ba shi, wato dai jarin yaron gida.

A 1994 aka yi wa Gidauniyar Ɗangote rajista. Shekarunta na farko ba su bambanta sosai da aikin kakanni ba: agaji in bala'i ya auku, abinci, rijiyoyin burtsatse. Sauyin gaske ya zo a 2014, da Aliko ya ware mata dala biliyan 1.25, abin da ya mayar da ita gidauniya mai zaman kanta mafi girma a Afirka kudu da Sahara. Aka naɗa mata kwamitin amintattu, aka ɗauko Zouera Youssoufou, 'yar Nijar da ta yi aiki a Bankin Duniya, ta shugabance ta. Manufar da aka rubuta ita ce lafiya da abinci mai gina jikin yara, ilimi, ba da jari, da agajin gaggawa.

Inda ya fi dacewa a tsaya a duba shi ne rigakafi, don nan ne ake ganin abin da maigida ba zai iya ba. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. A 2012 gidauniyar da ta Bill da Melinda Gates suka rattaba hannu da gwamnatin Kano a kan rigakafin yau da kullum. Dabarar tana cikin rabon kuɗi. An buɗe asusu guda, gidauniyoyin biyu suka ɗauki kaso mai yawa a farko, kason jiha na ƙaruwa kowace shekara har nauyin ya koma kanta gaba ɗaya. Lokaci-lokaci ana zama da gwamna a duba alƙaluma: firij nawa ke aiki, yara nawa aka yi wa allura, wace ƙaramar hukuma ce ta koma baya. Hakimai da masu unguwanni suka shiga lissafin jarirai. Daga baya aka kai tsarin Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe. A 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Aikin na hannaye da yawa ne, musamman matan da suka bi gida-gida, wasu ma suka rasa rayukansu, amma ga misalin kyautar da ke ɗaure gwamnati ta yi aikinta.

Sauran ayyukan an san su: yarjejeniyar dala miliyan 100 da Gates a 2016 kan tamowa, gidaje 200 a Maiduguri don waɗanda rikici ya raba da muhallinsu, makarantar koyon kasuwanci a Jami'ar Bayero, ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma naira dubu goma-goma ga mata a ƙananan hukumomi, da buhunan shinkafa miliyan ɗaya da aka raba a azumin 2024. A ganina waɗannan biyun na ƙarshe tuwon zaure ne da aka sa wa tambari. Suna kashe yunwar mako, jama'a ma sun fi jin su a jiki, amma ba su ne dalilin kafa gidauniya ba. Masu suka kuma na da tambayar da ba a raina ta: nawa ne daga abin da ake bayarwa ya fito daga aljihun mai sayen siminti da sukari a kasuwar da gasa ta yi ƙaranci?

A garuruwan da labarin ya faro kuwa, dukiyar zango ba ta samu zaman da za ta yi irin wannan girma ba. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Ghana a 1969 ta tayar da dubban Hausawa da Yarabawa cikin makonni, gidaje da shaguna suka salwanta. Bawku ta daɗe tana fama da rikicin sarauta tsakanin ƙabilun Kusasi da Mamprusi, 'yan kasuwa da yawa sun kwashe jarinsu. Gidauniyoyin da suka fito daga baya ƙanana ne. Akwai mai ɗauke da sunan Alhaji Aliu Mahama, ɗan Yendi, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban Ghana daga 2001 zuwa 2009, ya rasu a 2012. Akwai asusun ilimi na Babban Limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da Asusun Zakka da Sadaka da 'yan majalisa Musulmi suka assasa a 2010. A 2017 gwamnati ta kafa Asusun Raya Zango da doka, amma wannan kuɗin hukuma ne, yana hawa da sauka da kasafi. Mafi yawan abin da ke gina masallaci ko biyan kuɗin makarantar maraya a Salaga da Yendi da Bawku har yanzu daga hannun alhazan gari yake fitowa, da 'ya'yan zango da ke aiko da kuɗi daga Kumasi, Hambog da Niyok.