Laifi Tudu Ne: Tarihin Korar Baƙi Tsakanin Ghana da Najeriya

Duk mai sauraron labaran duniya ya san yadda Turai da Amurka ke nuna wa juna yatsa kan maganar baƙi. Da Donald Trump ya dage kan gina katanga a iyakar Meziko, ya kuma hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka a 2017, shugabannin Turai sun yi ta yin tir. Magoya bayansa kuwa suka ce Turai ta fara duba Bahar Rum, inda dubban 'yan Afirka ke nutsewa a hanyar Italiya. Turai ɗin ce kuma ta matsa wa Nijar lamba kan dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure ta Agadas, wadda gwamnatin Janar Tiani ta soke a Nuwamban 2023. Mukan zauna a majalisa mu yi musu dariya. To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma an kore mu, mun kuma kori wasu.

Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja fataucin goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawa suka bazu zuwa Karachi da Kumasi da Akara, suka raya zanguna, suka yi aure suka haihu. Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano, can ya yi karantarwarsa har ya rasu a 1934.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta bai wa duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Dalilin da aka bayar shi ne rashin aikin yi da mamaye kasuwanni. Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa suka karyar da gidaje da shaguna, suka hau akori-kura. Cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango, ba su taɓa taka Najeriya ba, ga shi ƙasar tana tsakiyar yaƙin basasa. Muka ce Ghana ta ci amanar maƙwabtaka.

Sai reshe ya juye da mujiya. Kuɗin man fetur ya jawo 'yan Ghana zuwa Najeriya, malaman makaranta da teloli da magina. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Amma da farashin mai ya faɗi, ga zaɓe na tafe, ga kuma tabon rikicin Maitatsine na 1980 da aka jingina wa baƙi, sai ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya sanar da cewa gwamnatin Shehu Shagari ta bai wa marasa takarda mako biyu. Wa'adin Busia ne sak. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu 'yan Ghana, suka jibge a tashar Apapa da iyakar Seme. Jakar nan ta Gana-mas-go da muke zuba kaya a cikinta, daga nan ta samo sunanta. Duniya ta yi mana ca, har da Paparoma, mu kuwa muka ce ai Ghana ce ta fara.

Abin bai tsaya kan 'yan Ghana ba. A 1980 an tasa ƙeyar Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake korar baƙi a 1985, daidai lokacin da fari ya addabi Nijar. Har yau tsofaffin Maraɗi na kiran yunwar nan El-Buhari. Waɗanda aka rufe wa ƙofa Hausawa ne 'yan uwanmu.

Mu mazauna Minna ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ƙasar Gwari ce, layin dogo na Baro zuwa Kano ne ya jawo kakannin da yawanmu, aka karɓe su. Sunan unguwarmu ma, Sauka Kahuta, magana ce da ake yi wa baƙo. Yau ga masu gudun 'yan bindiga daga Shiroro da Munya da Rafi suna neman ɗakin haya a cikinmu, ga 'yan Nijar masu ga-ruwa da shayi waɗanda ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Don haka roƙonmu biyu ne. Kowane magidanci ya nema wa iyalinsa takardar haihuwa da lambar NIN, 'yan uwanmu na ƙetare su ma su gyara takardun zamansu, domin rashin takarda ne ya kayar da mutanen zango a 1969. Sannan duk ranar da tsadar rayuwa ta sa wani ɗan siyasa ya nuna mana maƙwabci ya ce shi ne matsalarmu, mu tuna mako biyun nan. Allah Ya zaunar da mu lafiya.