Goyo da Yaye a Ƙasar Wudil

Wanda ya san Wudil da kasuwar shanunta ta ran Juma'a, ko da gadar da ta haye kogi, ko da sarautar Makama wadda take hannun Jobawa tun bayan jihadi, to, zahirin gari ya sani. Amma can cikin gida, wajen mata, akwai wani ilmi wanda ba a taɓa ɗora shi a kan allo ba, shi ne sanin yadda hankalin yaro yake tsirowa, da hannun da ya dace ya riƙe shi a kowane mataki.

Malamai tun daga mahaifa suke fara lissafi, domin hadisin Ibnu Mas'udu, wanda kowane ɗalibin Arba'una ya haddace, ya bayyana halittar ɗan tayi daki-daki har kwana 120, sa'an nan a busa masa ruhi. Su kuwa tsofaffi, ba su yarda mai ciki ta firgita ko ta kwana da baƙin ciki ba, kuma idan cikin fari ya tsufa, sai a mai da ita gaban iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana 40 tana shan kunun kanwa. Likitocin zamani da suka tabbatar cewa ɗan tayi yana jin sauti a watannin ƙarshe, kuma damuwar uwa idan ta tsananta tana iya taɓa shi, ba su zo da abin da zai ba ungozoma mamaki ba.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne kunyar ɗan fari, wadda ta fi ƙarfi a wajen Fulani, ga shi kuwa ƙasar Wudil cike take da su. Uwa ba ta ambaton sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, har baƙo ya zaci ƙauna ce babu, alhali kuwa al'ada raba ɗawainiyar ta yi, ta miƙa yaron ga kaka da goggo da kishiyar uwa da yayyensa mata, kowace da zanen goyonta. Lokacin da John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, ya fitar da littafinsa a 1969 a kan shaƙuwar jariri, hankalin masana ya fi karkata ga uwa ita kaɗai. Sai ga binciken da Robert LeVine da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Hausa, aka buga a 1977, ya nuna jaririnmu yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, sai dai yakan fifita wadda ta fi ɗaukarsa.

Yaye kam, ba na cikin masu yabonsa gaba ɗaya. Idan yaro ya doshi shekara biyu, wadda ita ce cikar shayarwa a Alƙur'ani, sai a wayi gari an kai shi gidan kaka, a ba shi rubutu domin ya dangana, wani lokaci ma daga nan ya zarce riƙo, irin wanda Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinsa a littafin da ya fito a 1954. Lalle sabon da ya yi da hannu da yawa yana rage masa raɗaɗi, amma rabuwa ce ta farat ɗaya, kuma sau da yawa a nan tamowa take samun ƙofa.

Idan ya kai shekara bakwai, wato shekarun tamyizi a wajen fuƙaha'u, sai a umarce shi da salla, a yi masa kaciya, ya koma zaure cikin maza.

Duk wannan tsari a kan babban gida ya dogara. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a garin a 2001, ma'aikata suka yawaita a gidajen haya, miji da mata su kaɗai, inda babu kaka balle goggo, uwa kuwa ba ta da wanda za ta miƙa wa ɗan fari idan ya yi kuka.