Daga jakar faya-fayai zuwa batirin da ke kumbura

A zamanin Windows XP, rabin aikin mai gyaran laftof a wannan yanki namu na Kebbi neman direba ne. Kwamfutocin da ake sarowa daga Computer Village a Ikeja ko titin Beirut a Kano kusan duk na hannu ne, ba kwali, ba faifan kamfani. Ka gama ɗora Windows, sai ka tarar ba sauti, ba wayales, rubutun allo ya yi manya-manya. Ka buɗe Device Manager, ga alamun tambaya ruwan ɗorawa a jere. Intanet kuwa sai an shiga kafe a Birnin Kebbi. Shi ya sa kowannenmu yake da jakar faya-fayansa, ba ya ba da aronta ko ga aboki.

Abin da ya raba gwani da mai lalube shi ne karanta lambar shaidar kayan ciki. In ka ga 8086, na Intel ne. 10EC na Realtek. 14E4 na Broadcom. 168C na Atheros. Samfurin HP guda yana iya zuwa da katin wayales na kamfanoni daban-daban, sunan da ke jikin murfi ba zai fisshe ka ba. Da manhajar ɗora direbobi ta DriverPack ta shigo hannun yara, aiki ya yi sauƙi, amma ta sa da yawa sun daina karanta lambar, kuma takan cusa direban da bai dace ba har kwamfuta ta riƙa faɗawa shuɗin allo.

Kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke Kalgo, shi ya buɗe mana kasuwa. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a shekarar kuma Windows 10 ta fito tana nemo yawancin direbobi da kanta. Daga Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, malamai kan zo ne a saka musu Maktaba Shamila da rubutun Larabci, kuma su ne suka fi kowa riƙon kwamfuta da tattali.

Daga nan wahalar ta koma kan batir. Na da a baya yake, da 'yan makullai biyu, ka zare shi cikin ƙiftawar ido. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu lamba 18650, waɗanda in batir ya mutu mukan fasa mu tsamo masu sauran rai a yi fitila ko fawa-banki. Shawararmu a lokacin ita ce, in akwai wuta tsayayya a cire batir a ajiye. Da siraran kwamfutoci irin su EliteBook 840 suka cika kasuwa, batir ya koma ciki, shimfiɗe ƙarƙashin wurin jan yatsa, galibi sai da sukudireba ake isa gare shi. Mai kwamfuta ya rasa wannan zaɓi, kuma a ganina ƙasa mai zafi irin tamu ce ta fi cutuwa.

Batirin litiyom ba ya son abu biyu a haɗe: zafi da zama a cike. Mu kuwa duka biyun muke ba shi. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, ɗalibi ya ɗora laftof kan katifa, ga caja a maƙale dare da rana don bai san yaushe za a ɗauke wuta ba. Ba na ganin laifinsa. Amma haka batir ke tara iska ya kumbura, ya tura wurin jan yatsa sama, wani lokaci ya ɓalle murfin ƙasa.

Maganin yana cikin na'urar, mutane ne ba su sani ba. Dell da kwamfutocin ofis na HP suna da wurin tsayar da caji a kashi 80 cikin BIOS, Lenovo kuma tana da nata a manhajar Vantage. Tsohuwar maganar a bar batir ya ƙare ƙarƙaf kafin a sa caji ta batiran nikel ce, litiyom cutar da shi take yi.

Kafin ka ce wa mutum batirinsa ya mutu, rubuta powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfinsa na asali da na yanzu. In caja na jone amma ba ya hawa, cire direban batir na ACPI a Device Manager ka sake kunnawa, ka kuma gwada wata caja ta asali, don ta jabu ta sa an zubar da batira masu lafiya da yawa.

Wanda ya kumbura kuwa, ina roƙon 'yan'uwa masu gyara su daina huda shi da allura wai don iska ta fita. Yana iya kamawa da wuta nan take. A cire shi, a naɗe bakin wayarsa da salatif, a sa shi cikin gwangwani mai yashi nesa da janareta, kwamfutar kuma ta ci gaba da aiki da caja har mai ita ya samu kuɗin sabo.